Abubuwan da Ke Motsi Idan Lantarki Ya Taɓa Su



An nemi in yi ɗan bayani a kan wani fanni na kimiyya, sai na zaɓi wanda yawancinmu muke ɗauke da shi a jiki ba tare da mun lura ba, wato abubuwan da ke canja siffa idan an sa musu lantarki.

A shekarar 1880 wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse wani farin dutse mai ƙyalli da ake kira kwaz, yakan fitar da lantarki. Daga baya aka tabbatar cewa idan shi ma aka sa masa lantarki, yakan ɗan motsa. A cikin agogon hannu mai batir akwai ɗan tsinken wannan dutse da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, kuma da wannan kaɗawa agogon yake ƙidaya lokaci. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1969. Na'urar da ake duba cikin mai juna biyu da ita a asibiti, ita ma da wannan hikima take aiki.

To, motsin dutse kaɗan ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Saboda haka masana suka koma kan roba. Sukan sami roba mai laushi, faifai siriri, su shafa mata abin da lantarki ke bi a sama da ƙasa. Da an kunna wuta sai ɓangarorin biyu su jawo juna, robar ta matsu ta baje, kamar curin fura a tsakanin tafin hannu biyu. Da an kashe sai ta koma yadda take. Shi ya sa ake kiranta tsokar roba, kuma ana fatan ta yi amfani wajen ƙera hannu ko ƙafa ga waɗanda suka rasa nasu.

Amma fa da sauran aiki. A 1999 wani masani na hukumar NASA, Yoseph Bar-Cohen, ya ƙalubalanci injiniyoyi su ƙera hannu da irin waɗannan abubuwa wanda zai kayar da na mutum a gwajin ƙarfi. Da aka yi gasar farko a San Diego ta Amurka a 2005, wata ɗalibar sakandare mai shekara 17 ta kayar da hannuwan uku duka.

Jama'a, ga inda maganar ta shafe mu. Wilhelm Röntgen, Bajamushen nan da ya gano hoton ƙashi a 1895, shi ne ya fara gwada lantarki a jikin roba tun 1880, kuma kayan aikinsa ba su wuce tsirin roba da ɗan nauyi da ya rataya mata da injin tara caji ba. Irin waɗannan kaya ba su fi ƙarfin aljihunmu ba. Ƙannenmu da ke zaune a kujerun da muka bari suna haddace darasin lantarki don jarrabawa, alhali ya kamata su taɓa da hannu su gani da ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ina roƙon shugabanni su ware wani kaso na gudummawar bana domin ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, a kuma nemi malaman kimiyya su rubuto mana abin da suka fi bukata.