Jawabi A Kan Hoton Asibiti Da Tafiya Makka

Maganata yau a kan ciwon daji ce, musamman ga mai niyyar aikin hajji.

Idan likita ya gane ciwon daji a jikin mutum, ba ya fara magani sai ya san inda ciwon ya kai. Mataki 4 ne gare shi. A na 1 yana wuri guda, a na 4 kuwa ya yaɗu zuwa wasu gaɓoɓi, kamar hanta ko huhu ko ƙashi. Hoto ne ke nuna wannan.

Akwai hoton CT, wanda aka fara ɗauka a Ingila cikin 1971. Mintoci kaɗan yake ci, amma yana da haske irin na hoton ƙirji. Akwai MRI, shi kuwa da maganaɗisu yake aiki. Za a kwantar da kai cikin wani ƙuntataccen rami, ga ƙara, watakila har awa guda ba motsi. Mutane da yawa sukan firgita. A wani bincike da aka buga a Ingila cikin 2019, majiyyata sun ce MRI na dukan jiki ya fi CT wahala, amma da yawansu sun fi son sa muddin zai rage yawan gwaji da tsawon jira.

Saboda haka ka tambaya tun kafin ranar. Ka roƙi abin toshe kunne. Ka faɗa musu in akwai ƙarfe a jikinka, ka kuma tuɓe laya da zobe. Ke kuma uwata, ba laifi ki nemi mace ta tsaya kusa da ke.

To, a Makka akwai babban asibitin Sarki Abdullahi, mai sashen ciwon daji. Amma kada ka ɓoye ciwo don ka je can. Cikin sharuɗɗan hajjin 2025, hukumar lafiya ta Saudiyya ta hana zuwan wanda ciwon dajinsa bai kwanta ba yana cikin karɓar maganin kimiyya. Hajji kuwa a kan mai iko yake, lafiya ma iko ce.

Ɗan'uwa, kuɗin goron da ka tara shekara da shekaru, kafin ka biya kujera je Korle Bu ko Komfo Anokye a duba ka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.