Zuciyar Mai Jego

  Yau maganarmu a kan mai jego ce, da wani ciwo da ya kan kama zuciyarta bayan ta sauka. Ku maza kada ku ce zancen mata ne ku tashi. A hannunku kuɗin mota ya ke, a bakinku kuma izinin fita ya ke, domin wannan ku na fi so ku ji.

Zuciya kamar zugazugin maƙeri ta ke, sai dai ita ba ta da ranar hutu. Tsakanin safiyar yau da ta gobe ta kan buga wajen sau 100,000. Sa'anda mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta ya kan ƙaru kusan da rabi, zuciya kuwa ita ke tura shi duka. Yawancin mata Allah ya kan fisshe su lafiya. Amma akwai wadda a watan ƙarshe, ko cikin watannin da ke bin haihuwa, naman zuciyarta ya kan saki, ya kasa tura jini yadda ya kamata. Sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. In ta kwanta numfashi ya gagara, sai ta kwana a zaune. Tari ya dame ta da dare. Ƙafafu su kumbura, in ka danna da yatsa rami ya zauna. Ɗaukar buta ma ya zama mata aiki.

To, me mu kan ce a gida? Mu kan ce sanyi ya shige ta, jego bai karɓe ta ba. Sai a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

A Zariya aka fara bin diddigin wannan a cikin mutanenmu. Likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka fitar da abin da su ka gani a 1978. Sun tarar ciwon ya yawaita ƙwarai cikin matan Hausawa, wajen mace ɗaya cikin ɗari da su ka haihu. Suka dubi al'adarmu ta kwana arba'in: wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, ta kan riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma ya kan sa zuciya gudu. Suka ce ashe jakin da ya riga ya gaji ne a ke ƙara wa mangala.

Amma kada wani ya koma gida yau ya tsare surukarsa da faɗa. Tsohuwar nan da ke tashi da asuba ta hura wuta, ƙauna ce ta tashe ta. Kuma bincike bai tsaya a Zariya ba. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Aminu Kano ya tarar yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, sunansa seleniyam. A 2020 shi da abokan aikinsa suka fitar da binciken da su ka yi a asibitoci da yawa na Nijeriya. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin sana'a, da rashin karatun makaranta, da hawan jini na masu ciki. Wankan jego kuwa ba su same shi da laifin haddasa ciwon ba. Ni a ganina ga inda maganar ta tsaya: wadda ta ke lafiya, tsakaninta da uwarta ne. Amma wadda ta fara kumburi da haki, a janye mata kanwa da gishiri nan da nan, a kai ta asibiti a ranar.

Akwai kuma gado. A 2016 masana na Turai da Amurka suka auna jinin mata 172 masu wannan ciwo. Wajen 15 cikin 100 an same su da wata tawaya a ƙwayar halitta da su ka gada, galibi a wadda ke gina wani zare mai miƙewa cikin naman zuciya, wanda a ke kira titin. Mutum ya kan rayu da ita shekaru bai sani ba, sai nauyin ciki ya tona ta. Namiji ma ya kan ɗauke ta, ya ba 'yarsa. Domin wannan, kadan likita ya tambaye ki ko akwai wanda ya yi ciwon zuciya a danginku, kada ki ɓoye.

Na sani kalmar nan gado tana da nauyi a unguwa irin tamu, inda kowa ya san kakan kowa. Da an ji ta sai a ce gidan wane ba a aure. Ku ji abin da Linjila ta Yohanna ta ba da labari a sura 9. Yesu Almasihu ya gamu da wani mutum da aka haifa makaho. Almajiransa suka so su san wa ya yi zunubin da ya jawo haka, shi ko iyayensa. Yesu ya wanke su duka, da ɗan da iyayen, sa'an nan ya buɗe idanun mutumin. Wanda ya gaji raunin zuciya bai zaɓa ba, yadda ba wanda ya zaɓi tsawonsa. Abin da aka gani a jinin matarka amana ce a hannunka. Ba zancen teburin mai shayi ba ne, ba kuwa dalilin saki ba.

Waɗansunku suna tsoron asibiti, kuma da dalilinsu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200. Iyaye suka yi kuka cewa ba a bayyana musu gwaji ne ba. Aka daɗe ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano. Ƙa'idar likitoci ita ce, ba a sa mutum cikin bincike sai da yardarsa, bayan an bayyana masa da harshen da ya ke ji. Kadan an kawo muku takarda da Faransanci, ku nemi a fassara kafin ku dangwala yatsa. Ku tambaya ina za a kai jinin, wa zai ga sakamakon. Kuna da ikon ƙi, kuma ƙin bai hana a yi muku magani ba.

Yardar kuwa ta mai ciwon ce. A Linjila ta Markus, sura 5, akwai macen da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini, ta ƙarar da dukiyarta wurin masu magani. Ta taɓa rigar Yesu cikin taro ta warke. Yana kan hanyar gidan wani babban mutum, amma ya tsaya, ya neme ta, ya bari ta faɗi labarinta duka da bakinta, ya kira ta ɗiyarsa. Kai maigida, in kun shiga wurin likita, kada ka amsa mata tambaya. Ita ce ta kwana a zaune.

Asibitin Santiral na Yawunde ba shi da nisa da mu. Ku roƙa a auna hawan jini, a duba zuciyar da na'urar da ke nuna motsinta. Da magani mata da yawa su kan murmure cikin watanni. Wadda zuciyarta ba ta koma daidai ba, sabon ciki haɗari ne babba gare ta, sai miji da mata su koma tare su ji ta bakin likita tukuna. Maganin kuma kada a daina shi don kumburi ya sauka.