Makonni Uku a Wani Ƙauyen Faransa: Jawabi a Taron Reshe



An umarce mu, mu da muka je ƙaro sani a harshen Faransanci, mu yi bayanin abin da muka gano. Batun karatun yana cikin rahoton da muka miƙa wa sakatare. Yau za mu yi magana ne a kan ƙauyen da aka sauke mu, a kwarin kogin Bezer, cikin lardin Dordonyi da ke kudu maso yammacin Faransa.

Mutanen ƙauyen kaf ba su kai ɗaliban firamare guda ta cikin garinmu ba, kuma galibinsu dattawa ne. Da sassafe kowa kan nufi gidan burodi, kuma wanda ya shiga kanti bai gai da mutane ba, sai a ɗauke shi marar tarbiyya. Da tsakar rana ana rufe kantuna a tafi cin abinci har wajen ƙarfe biyu. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, saboda haka tsakanin isha'i da asuba ɗan taƙi ne. Yankin ya shahara da kiwon agwagwa da dinya, amma mu ƙwai da kifi da cuku da kayan lambu muka riƙe, muna sayowa a kasuwar Sarla da ke ci ranar Asabar.

Wurin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kogon Lasko, kusa da garin Montinyak. Wasu samari huɗu ne suka gano shi a watan Satumba na 1940, suka tarar da bangonsa cike da zanen dawaki da bijimai da barewa, waɗanda masana ke ƙiyasta shekarunsu da kusan 17,000. An buɗe shi ga jama'a a 1948, sai numfashin dubban baƙi ya fara ɓata zanen, gansakuka ta kama bango, aka rufe shi a 1963. Abin da mai ziyara ke shiga a yau kwaikwayonsa ne, wanda aka buɗe a 2016. Mun tarar da yaran firamare a can tare da malamarsu, kowa da ɗan littafinsa yana zana abin da ya gani. A nan muka tambayi juna: yaushe rabon da a kai ɗalibanmu su ga zanen duwatsun Birnin Kudu?

Sai makaranta, wadda ita ce ta fi shafar wannan zaure. Gini ɗaya take da ofishin magajin gari, kamar yadda ake gani a ƙauyukan Faransa da dama. Tushenta dokokin Jul Feri ne na 1881 da 1882, waɗanda suka mai da ilimin firamare kyauta kuma wajibi, suka raba shi da ikon coci. Tun 2019 wajibcin yana farawa daga shekara uku. A gabanta akwai dutsen tunawa da 'yan ƙauyen da suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918. Sai ka ga sunan gida ɗaya ya fito sau uku a jere.

Mu damuwarmu aji ya cika har wasu na zaune a ƙasa. Tasu damuwar ƙarancin yara ce. Matasa suna ƙaura zuwa birane, haihuwa ta ragu, hukumar ilimi kuwa tana ƙirga ɗalibai kowace shekara kafin ta raba guraben malamai. Idan adadin ya yi ƙasa, sai a rufe aji. Dabarar da ƙauyuka suka ɓullo da ita ita ce haɗa gwiwa: wannan ya riƙe ƙananan azuzuwa, maƙwabcinsa ya riƙe manya, mota tana jigilar yaran safe da yamma. Malama guda kan haɗa matakai biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ta ba waɗannan aikin rubutu, ta juya ga waɗancan. Aiki ne mai wuya, kuma a ganinmu malamanmu na karkara, waɗanda ke yin irinsa ba tare da horo ko kayan aiki ba, sun cancanci reshe ya nema musu bita a kansa.

A shingen makarantar mun ga ƙyallen da iyaye suka rataya, suna nuna ƙin amincewa da rufe aji ɗaya. Magajin gari da wakilan ƙungiyar malamai suna tare da su, domin kowa ya san idan makaranta ta tafi, iyalai masu ƙananan yara za su bi ta, mai gidan burodi ma ya rasa masu saye. Mun baro su ba a yanke hukunci ba. Sai an koma karatu a watan Satumba za a sake ƙirga yaran.