Me Ke Jan Matashi Zuwa Ga Tarzoma?



Idan aka ambaci tarzoma, mukan yi saurin ɗora laifin a kan talauci da jahilci. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wadatar ba, domin matalauta sun cika ƙasa, ƙalilan ne cikinsu suka taɓa ɗaukar makami.

Mu dubi rikicin Maitatsine na Kano a watan Disambar 1980, wanda kwamitin binciken Mai Shari'a Aniagolu ya ce ya ci rayuka 4,177. Da yawa daga mabiyan Muhammadu Marwa gardawa ne da 'yan ci-rani da suka baro karkara. Sun tarar da birnin da kuɗin fetur ya sauya: kaya sun yi tsada, masu sauke baƙo sun ragu, masu motoci na wucewa suna bule su da ƙura. A unguwar 'Yan Awaki kuwa sun sami makwanci, da abinci, da wanda ya san sunansu. Sannan aka nuna musu cewa rashin agogo da rediyon da ake raina su a kai, shi ne shaidar tsarkinsu. Wanda ya daɗe yana shan wulaƙanci, ranar da aka ce masa ya fi kowa, da wuya ya tsaya neman hujja. Shi ya sa mutuwar Marwa ba ta kashe wutar ba. Ta sake tashi a Bulunkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Wannan ƙishirwar ce 'yan siyasa suka riƙa saye da araha wurin 'yan kalare da 'yan sara-suka. Yaro ya sami ubangida da laƙabi, yana jin kunyar abokai su ce ya tsorata, kuma da zarar ya zubar da jini sau ɗaya, hanyar komawa gida ta yi masa nisa.

Sai kuma mu, masu albashi da shaguna, da ba mu riƙe adda. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci mutum sama da 800 cikin kwana uku, kuma a majalisu da yawa an ji masu cewa "maganinsu ke nan". Yara suna jin mu.

Muna roƙon kowane reshe ya rubuta sunan duk yaron garinmu da ya sauka a birninsa, da inda yake kwana, da wanda ke ciyar da shi, a kawo rajistar taron baɗi.