Tallata Cinikin Intanet a Kasuwa da Unguwa



Abin da za a duba a wannan lacca shi ne yadda mai sayar da kaya ta intanet zai tallata hajarsa a cikin garinsu, watau a kasuwa da unguwa da gidan rediyo, da kuma dalilin da ya sa irin wannan talla ta zama wajibi a kansa.

Tun daga 2001, lokacin da wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya, hanyoyin ciniki suke ta sakewa. A 2012 aka buɗe kantunan intanet na Jumia da Konga a Ikko, sa'an nan ƙananan 'yan kasuwa suka biyo baya suna baje atamfa da turare da takalma a Facebook da Instagram da WhatsApp. To, amma da yawa cikinsu sukan tarar cewa masu kallon hoto sun yi yawa, masu biyan kuɗi kaɗan ne. Dalili kuwa shi ne mai saye bai san wanda zai tura wa kuɗinsa ba, ga kuma labarin 'yan damfara ya cika gari.

Wannan matsala tsohuwa ce a kasuwancin Hausa, kuma magabata sun san maganinta. Wani masani mai suna Abner Cohen ya yi nazarin cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan, a littafinsa na 1969, inda ya nuna cewa baƙon falke yakan sauka wurin mai gida, mai gidan ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa a kan bashin da mahauta za su ci. Watau shanu na kuɗi masu yawa sukan fita hannu ba takarda, domin akwai sanannen mutum a tsakani. Haka kuma dillaliya take shiga gidaje da kayan ɗaki, ana saye domin an san ta, an san gidansu. Kantin intanet ba shi da mai gida, saboda haka aikin tallar cikin gari shi ne ta samo masa wanda zai tsaya masa.

Hanya ta farko ita ce a sami wurin da za a iya nunawa da yatsa. Alal misali, mai sayar da yadi a Kano yana iya shiryawa da wani mai rumfa a Kantin Kwari ya riƙa ajiye samfur a can, mai shakka ya je ya taɓa kaya da hannunsa, wanda ya yi oda kuma ya karɓa a nan. Ko Jumia, duk girmanta, sai da ta yarda a biya kuɗi bayan kaya sun iso, ta kuma ɗauki wakilai masu taya jama'a yin oda.

Ta biyu ita ce rediyo, wanda Bahaushe ya saba da shi tun kafuwar gidan rediyon Kaduna a 1962, kafin a sami tashoshi masu zaman kansu irin Freedom Radio da ta fara aiki a Kano a 2003. Sanarwa ta zama gajera, da Hausa, a maimaita lambar waya, a ambaci rumfar da aka ajiye samfur.

Ta uku ita ce taron jama'a: kasuwar baje koli ta Kaduna ko ta Kano, da bikin aure, da makarantu. Kowace leda da kowane kati su ɗauki suna da lamba. Kuma duk wanda ya kira a tambaye shi inda ya ji labari, a rubuta a littafi, domin bayan wata uku a san tallar da ta mayar da kuɗinta.

Akwai kuma sha'anin doka. Ya kamata a yi wa sunan kasuwanci rajista a hukumar rajistar kamfanoni, domin takardar ma shaida ce. Dokar 2022 ta ɗora wa hukumar ARCON kula da tallace-tallace, ta 2023 kuma ta kare bayanan mutane, don haka kada a tattara lambobin jama'a a yi ta aika musu saƙo ba da yardarsu ba. Ma'aikata kuwa su tuna cewa Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma.

A ƙarshe, ɗalibin da zai shiga wannan sana'a ya sani cewa mutumin da ya tsaya masa ya jingina mutuncinsa ne. Idan aka nuna shadda mai kyau aka aika da ta banza, mai rumfa zai janye, labari kuma zai zaga unguwa kafin magariba. Idan aka cika alkawari, wanda ya saya shi zai kawo na gaba. Allah ya sa albarka a nema.