Sakaci da Yaro da Ta'asar Babba



Duk sanda aka kama matashi ya sari mutum, tambayar da ke fara zuwa baki ita ce wa ya lalata shi: abokai ne, ƙwaya ce, ko uban da ya riƙa jibgarsa? Ni kuwa yau kan abin da aka ƙi yi wa yaro zan tsaya. Matsayina shi ne sakaci da yaro, wato a bar shi da yunwa da dauɗa da ciwo, ya yi kuka ba mai ɗauka, ya fita ba mai cigiya, yana haifar da ta'asa kusan daidai da duka, kuma ya fi duka wuyar ganewa tunda ba ya barin tabo a jiki.

Hujjar farko daga Amurka take. A 1989 masaniyar halayyar ɗan Adam Cathy Spatz Widom ta buga bincikenta a mujallar Science. Ta tono takardun kotu na wata gunduma daga 1967 zuwa 1971, ta fitar da yara 908 da aka tabbatar an ci zarafinsu ko an yi sakaci da su, ta jera su da wasu 667 sa'o'insu, sannan ta bi sawunsu har suka girma. Abin da kowa ya zata shi ne wanda ya sha duka shi zai yi duka. Haka ɗin ne, amma da tafiya ta yi nisa sai aka ga cikin waɗanda aka doka kusan ɗaya cikin biyar an taɓa kama shi da laifin tashin hankali, cikin waɗanda aka yi sakaci da su ma kusan ɗaya cikin biyar. A rukunin da ba a yi musu ko ɗaya ba, kusan ɗaya cikin bakwai ne. Wani zai ce ai talauci ne ke aiki, sakaci inuwarsa ce kawai. Widom ta hango wannan suka, shi ya sa ta zaɓo yaran kwatanci daga unguwanni da makarantu da asibitocin haihuwa iri ɗaya. Talakawa aka gwada da talakawa, kuma bambancin bai ɓace ba.

Ta ina sakaci ke koya wa yaro faɗa, alhali ba a nuna masa hannu ba? Ba a haifi jariri da ikon kwantar da kansa ba. Idan ya firgita aka ɗauke shi, aka goya, aka rarrashe shi, sau dubbai, a hankali jikinsa ke koyon cewa tashin hankali yana da ƙarshe. Wanda ba ya samun amsa yakan tashi da zuciya a kusa, ga ƙarancin kalmomi, domin harshe a bakin masu yi maka magana ake tsintarsa. Mutumin da ba ya iya haɗiye fushi, ba ya kuma iya faɗarsa, me ya rage masa ban da hannu?

Suka mafi ƙarfi ita ce ta gado. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: wataƙila iyaye masu sakaci su ne masu zafin kai, ɗansu kuma jininsu ya ɗauko. Gado na da nasa kason, kuma binciken Widom shi kaɗai ba zai iya raba gardamar ba. Abin da ke raba ta shi ne gwajin da aka yi da ƙuri'a. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su ƙarin abinci, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu kowane mako har shekara biyu tana nuna wa uwa yadda za ta yi wa ɗanta wasa da hira. Da suka kai shekara 22, waɗanda aka yi wa ziyarar wasan sun fi sauran ƙarancin shiga faɗa da mummunar ta'asa. Ƙarin abincin kuwa bai bar irin wannan tasiri ba. Ƙuri'a ce ta raba yaran, don haka ba za a jingina bambancin ga jini ba.

Sai dai a yi hattara. Alƙaluman Widom ɗin nan su ne kuma ke cewa huɗu cikin biyar na yaran da aka yi sakaci da su ba a taɓa kama su da tashin hankali ba. Duk wanda ya ɗauki wannan bincike ya mai da shi lasisin zargin kowane yaro mai yagaggiyar riga, ya karanta shi a baibai. Hannah Hoechner, wadda ta yi shekaru tana nazarin almajirai a Kano, ta ƙalubalanci saurin da ake yi wajen ɗora musu laifin tarzoma ba tare da hujja ba. Haka nan riƙo da kunyar ɗan fari ba sakaci ba ne muddin akwai kaka ko gwaggo da ta tsaya tsayin daka. Ba lallai sai mahaifiya ba, babba mai amsawa yaro ke buƙata. Inda haɗarin yake shi ne yaron da saki ko ƙaura ko mutuwa suka jefa tsakanin gidaje uku, kowane gida na zaton ɗayan ne ke kula da shi. Irin wannan yaro ana iya gano shi da wuri. Uwaye da masu riƙo na kawo jarirai awo da rigakafi a watannin farko, kuma abin da aka yi a Kingston bai wuce ziyarar awa guda a mako da kayan wasa na gida ba, aikin da ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya koya.