Darasin Shehu Abdullahi Ga Yaran Wurno, Rabah Da Goronyo

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Duk wanda ya je gida hutun Sallah ya ga yadda yaranmu ke cika filayen makarantun firamare bayan La'asar, suna buga ƙwallo ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu. Da yawanmu mukan ɗauke kai mu ce shiririta ce. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wani ɗan jiharmu da wannan wasa ya zame masa sana'a.

An haifi Shehu Abdullahi a Sakkwato a shekarar 1993. Sunansa ya fara fitowa ne a Kano Pillars, a zamanin da ƙungiyar ta ci kofin gasar ƙasa sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. A 2013 ya wakilci Nijeriya a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Turkiyya. A 2014 marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi Afirka ta Kudu gasar 'yan wasan da ke bugawa a gida, inda Nijeriya ta zo ta uku. Sai bayan wannan ne ya fita waje, yana da shekara 21: da farko Qadsia ta Kuwait, sannan Fotugal, Kubrus da Bursaspor ta Turkiyya.

A wasannin Olamfik na 2016 a Burazil, tawagarsu ta maƙale a Atlanta ta Amurka, ba ta sauka Manaus ba sai sa'o'i kaɗan kafin karawa da Japan, amma ta ci 5 da 4. Tagullar da suka samo ita kaɗai ce lambar Nijeriya a wasannin. A 2018 kuma ya buga gasar cin kofin duniya a Rasha.

Jama'a, abin lura shi ne Shehu ya bi tsani hawa-hawa. Sai da ya yi suna a gida kafin waje ta neme shi. Yau kuwa 'yan damfara na zagayawa da sunan dillalan 'yan wasa, uba ya sayar da gonar fadama ko amfanin albasa da tafarnuwa na shekara guda, a ce za a kai ɗansa Turai. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana cinikin yaron da bai cika shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa. Kuma tun 2009 ake gwada ƙashin wuyan hannu da na'ura don gano masu rage shekaru.

Saboda haka muna kira ga ƙungiya da ta ɗauki nauyin abubuwa uku. Na farko, a taimaki iyaye su karɓar wa 'ya'yansu takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya tun suna jarirai. Na biyu, a gyara fili ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a kuma sa kofi tsakanin makarantun ƙananan hukumomin uku, da sharaɗin ba mai bugawa sai wanda ke zuwa aji. Na uku, mu da ke Kano, Kaduna, Abuja da Legas mu riƙa bincika duk wani dillali kafin iyaye su ba shi ko sisi.

Ba kowane yaro ne zai zama Shehu ba, kuma ƙwallo sana'ar ƙuruciya ce, rauni ɗaya kan kawo ƙarshenta. Don haka karatu ne gaba. Marigayi Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, gwanin wasan fayif ne tun yana Kwalejin Katsina, kuma wasan bai hana shi karatu ba. A wannan lokaci da rashin tsaro ya addabi yankinmu, yaron da ke tsakanin aji da fili ya fi wuyar jawuwa ga miyagu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya shirya mana zuriya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.